Maginin da Ya Ji Kunyar Surukinsa

An yi wani mutum a ƙasar Bukkuyum, magini ne. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da 'ya'ya, kuma ba su suka yi laifin ba. Na ga wasu dattawa a sahun gaba sun fara sunkuyar da kai, alamar sun gane shi. To ku riƙe a cikinku.

Ya 'yan uwa, kada ku zaci labarin ɓarawo zan ba ku, ko na mashayi. Da irin wannan ne da ban sha wahalar tsayawa a gabanku ba, don kowa zai ce ba da shi ake ba. Mutumin nan mai salla ne, mai azumin nafila, mai gaida manya. Kuma ya san gini. Ya fara da laka yana bin mahaifinsa, da zamani ya juya ya koma bulo da siminti.

Amma abin da ya fitar da sunansa shi ne duba gida. In mutum zai sayi gida a Bukkuyum, ko Anka, ko can wajen Gummi, sai a ce masa kada ka kuskura sai wane ya gani. Zai zo a bayan ɗan kabu-kabu da 'yar gudumarsa. Ya ƙwanƙwasa bango ya kasa kunne. Ya soka ƙusa a azara ya ji ko gara ta cinye cikinta. Ya leƙa rijiya, ya duba nisanta da masai. Ya hau sama ya ga inda kwano ya yi tsatsa. In ya sauko ya ce a saya, an saya ke nan. In ya girgiza kai, ko mai gidan zai yi rantsuwa da duk abin da ya sani, ciniki ya mutu.

Yana da suruki, wani dattijo mai hali, mu kira shi Alhaji Makau. Shi ya ba shi 'yarsa Zaliha tun ba shi da komai sai cokalin gini. Kun san yadda muke da surukai a nan. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. Wannan duk alheri ne, ni ma haka aka koya mini.

Alhaji Makau yana da gida a bakin wani gari a ƙasar Anka, mai doguwar katanga. Ba sai na tuna muku musibar da ta sauka a ƙauyukan can ba, Abare da sauransu, lokacin da ake shigo da dutsen zinare cikin gida ana niƙawa. Ƙurar dutsen tana ɗauke da gubar dalma, ta kwanta a ƙasa, yara suna rarrafe suna kai hannu baki. Mun yi jana'izar ƙanana har kafaɗunmu suka gaji. Daga baya aka zo aka kwashe ƙasar gidaje, aka zuba sabuwa, aka ce daga yau kada a ƙara niƙa dutse inda iyali ke kwana.

Da abin ya lafa, wasu baƙi masu aikin zinare suka kama hayar gidan Alhaji Makau. Suna son su yi niƙansu a bayan katanga, inda idon ɓarayi da na hukuma ba ya kaiwa. Alhaji ya aika aka kira masa surukinsa, ya ce ya zuba musu dandamalin siminti da za a ɗaure inji a kai, ya gina musu kwamin wanke garin dutse. Magini ya san abin da ake nufi. Ya durƙusa ya ce to, Baba. Ya yi aikin, kuma ya yi shi da kyau, don bai iya aikin banza ba.

Baƙin suka yi shekarunsu suka kwance injinsu suka tafi. Alhaji ya sa aka watsa jar ƙasa a tsakar gidan sama-sama, aka shafa wa ɗakuna farar ƙasa, ya sa gida a kasuwa.

Sai ga mai saye. Malam Ikrima ne, malamin allo daga Gummi, wanda ruwa ya ci gidansa a wata damina. Mutanen garin can suka roƙe shi ya zo ya karantar da 'ya'yansu. Yana da mata, Ramlatu, da yara biyu: Nuhu wanda ya fara baki, da Mardiyya mai rarrafe. Mutum ne da ya tashi tsakanin fadama da gonar shinkafa. Ya san ambaliya, ya san laima a gindin bango. Zinare kuwa, a kunnen mata kawai ya san shi. Da ya tambayi wanda zai duba masa gida, kowa ya faɗi suna ɗaya. Ba wanda ya ga dalilin gaya masa cewa mai dubawa surukin mai sayarwa ne, tunda an san mutumin ba ya ƙarya.

Ranar dubawa Alhaji Makau ya zo da kansa. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar zaure, yana jan carbi, yana jin duk abin da ake faɗa.

Magini ya yi aikinsa yadda ya saba. Malam Ikrima ya nuna wata tsaga a saman ƙofa, magini ya ce ta shafe ce kawai, ba ta shiga jikin bango ba. Magini ya nuna masa wata da shi bai ma gani ba, a kusurwar ɗakin girki, ya ce wannan ce ke son gyara kafin ruwa. Ya ce azara biyu gara ta taɓa su. Ya ce indararo ya gajarta, yana zubar da ruwa a gindin katanga. Duk gaskiya ya faɗa. Kuma da kowace gaskiya zuciyar Malam Ikrima tana ƙara kwanciya, yana cewa a ransa lalle Allah ya haɗa ni da mai amana.

Sannan suka zo wajen dandamalin. Ga shi nan a tsakar gida, da ƙarafa masu zare a tsaye a kusurwoyinsa.

Malam Ikrima ya ce, "Malam magini, wanga hwa mi na? Ban taɓa ganin irinai cikin gida ba."

Carbin Alhaji ya tsaya.

Magini ya ce, "Mazaunin inji na. Injin niƙan gero anka ɗora nan."

Suka matsa wajen kwamin, mai gangare, da wata laka mai launin toka da ta bushe a ƙasansa. Malam ya tambaya. Aka ce masa na shayar da dabbobi ne. Ya sa ƙafa ya ture jar ƙasar tsakar gida, sai ga wata a ƙarƙashi mai wani launi daban. Ya tambaya. Aka ce masa ciko ne aka yi saboda damina.

Ya 'yan uwa, bawan Allahn nan bai yi sakaci ba. Duk abin da bai gane ba sai da ya tambaya. Me kuma ake so mai saye ya yi?

Da za su fita, Malam Ikrima ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Ni baƙo na, ban san garinga ba. Tsakaninka da Allah, in kai na, ka sa iyalinka cikin gidanga?"

Magini bai dubi Malam ba. Ƙafafun surukinsa ya duba a kan tabarma. Ya ce, "Ni sa."

Ba a ba shi cin hanci ba. Alhaji bai ma roƙe shi ya yi ƙarya ba. Zama kawai ya yi a wurin, shi kuma ya ga ba zai iya buɗe baki ya tona asirin uban matarsa a gaban baƙo ba. Ya ce a ransa gobe zai kira Malam a waya ya gaya masa a asirce. Goben ta zo, ya ce bari a kwana biyu kada Alhaji ya gane daga ina maganar ta fito. Kafin ya gama wannan lissafi an yi ciniki, an kira shaidu, Ramlatu ta jera kwanukanta.

Magini ya gaya wa matarsa. Kuna tsammanin Zaliha ta goyi bayan mahaifinta? Ko kaɗan. Ta ce, "Tahi ka hwaɗa mishi. Baba na iya hushi, hushi na wucewa. Akwai ƙanana cikin gidan nan." Ya ce mata yanzu da an riga an sayar, in maganar ta fito mutuncin Baba ya zube a gari. Ta ce, "To ai ubana na, ni na ce ka tahi." Bai tafi ba.

Ana nan sai Malam Ikrima ya kira shi ya zo ya gyara tsagar ɗakin girki. Ya je. Abin da ya gani a ranar ya isa ya sa mutum ya yi ihu. Ramlatu ta ga dandamali mai santsi, ta mayar da shi wurin shanyar kuɓewa da barkono. Kwamin ta cika shi da ruwa tana wa yara wanka a ciki. Shara ta yau da gobe ta kwashe jar ƙasar, ta ƙarƙashi ta fito fili. Ga Mardiyya zaune a kai, hannunta fari fat da ƙura, tana tsotsar yatsu tana yi masa dariya.

Ya ce wa Malam, da za a daɓe tsakar gidan nan da siminti da ya fi kyau. Bai faɗi dalili ba. Malam ya ce in Allah ya kai mu kaka. Ramlatu ta aiko masa da tuwo da miyar kuɓewa, ya ce a yi masa aikin gafara, yana azumi. Ba ya azumi, ya 'yan uwa. Ya san inda aka shanya kuɓewar ne. Ya kare cikinsa, ya bar yaran suka ci.

Na gaji da irin wannan. Na gaji da mutanen kirki masu kallon abu suna wucewa.

Za ku ce ina maƙwabta? Suna nan. Sun sha jin ƙarar inji daga bayan katanga a shekarun baya. Amma kowa ya ce ai an kawo magini ya duba, ƙila an kwashe ƙasar, wa ya fi shi sani? Sunansa mai kyau shi ya rufe bakin kowa.

Ba a kai kaka ba. Mardiyya ta fara ƙin nono, tana amai, tana kuka ba dalili. Aka ce haƙori ne. Mahaifinta ya yi mata rubutu, ya yi tofi. Sai jijjiga ta kama ta, idanu suka juye. Aka ɗauke ta zuwa asibiti a Anka. Da aka auna jininta, ma'aikatan ba su tambayi komai ba sai, a wane gida kuke zaune? Aka auna na Nuhu ma. Aka biyo su gida da na'urar da ake ɗorawa a ƙasa. Mai na'urar yana ganin dandamali da kwami ya ce, ai nan niƙan dutse aka yi, wa ya bar ku kuka shigo da yara?

Mardiyya ba ta dawo gida da rai ba. Nuhu ya rayu bayan doguwar jinya, amma maganar da ya fara ta ɗauke. Yaron da yake biya wa mahaifinsa farkon Fatiha da tsamin baki ya koma sai kallo.

Magini ya zo ta'aziyya, don rashin zuwa ma tona kai ne. Alhaji Makau yana wurin, mutanen gari suna zaune a ƙofar gida. Bayan an yi addu'a, Malam Ikrima ya tashi ya zo gabansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na tambaye ka da Allah. Ka sani, ko ba ka sani ba? In ba ka sani ba, ka ce, in yarda."

Kun ga ƙofar da aka buɗe masa? Ƙarya guda ta rage ya tsira a idon mutane. Amma kafin ya buɗe baki, Alhaji Makau ya riga shi. Ya ce, "Ni dai tsoho na, mi na sani ga gini? Hayar gida nib ba da. Shi yaz zuba dandamalin da hannunai, shi kuma yad duba gidan yac ce a saye. Ku tambaye shi."

Mutumin da ya yi wa kara ke nan. A gaban jama'a ya ɗauki kayan duka ya aza masa a ka, ya gyara zama ya ci gaba da jan carbi.

Magini ya ce, "Na sani."

Wasu matasa suka yunƙura, Malam Ikrima ya ɗaga musu hannu. Ya ce, "Ba ni kai ka ƙara. Tahi abinka." Bayan kwana kaɗan ya kwashe iyalinsa suka koma Gummi, ya bar gidan a rufe. Makarantar da aka kira shi dominta ta watse.

Daga ranar ba a ƙara kiran magini duba gida ba. Waɗanda suka sayi gidaje da bakinsa a baya suka shiga neman wasu su sake duba musu, suna ƙwanƙwasa bangon da suka daɗe suna kwana a jikinsa lafiya. Aikin gini ma ya janye. An taɓa ɗaurin aure a unguwarsu, aka ce ya matso ya zama shaida, sai waliyyin amarya ya ce a hankali a nemo wani. Zaliha ba ta bar shi ba, amma ta daina zuwa gidan mahaifinta, shi kuma mijin ba ta ƙara yi masa maganar ba, ko da sau ɗaya. Ya ce mini da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

I, ya zo wurina. Ya rame, gudumar ma ya sayar. Ya tambaye ni ko yana da tuba. Na ce ƙofar tuba ba ta rufe ga mai rai. Abin da ke tsakaninka da Allah, ka yi nadama ka roƙe Shi, Shi Mai gafara ne. Amma haƙƙin bawa, sai bawan ya yafe. Ka tafi Gummi.

Ya tafi. Ya sami Malam Ikrima a wata rumfar zana kusa da fadama, yana wanke alluna. Malam ya karɓe shi, ya ba shi tabarma, ya sa aka kawo masa ruwa. Nuhu yana zaune a gefen mahaifinsa, ya yi tsawo, yawu na zuba a gaban rigarsa, yana juya wani ɗan dutse a hannu. Magini ya durƙusa ya yi kuka, ya faɗi duk abin da ya faru tun daga ranar da ya kwaɓa simintin. Ya ce a yafe masa don Allah.

Malam Ikrima ya ce, "Nawa haƙƙin, na gidan da na wahala, na yahe tun tuni, don ban iya salla da shi cikin raina. Ramlatu ta ce ita ba ta kai can ba tukuna, ban kuwa tilasta ta. Amma masu babban haƙƙin ba mu na ba. Guda tana ƙasa. Guda ga shi nan. Roƙe shi."

Magini ya juya ga yaron. Ya kira sunansa. Ya ce, Nuhu, ka yafe mini. Ya sake faɗa. Yaron ya dube shi, ya dubi dutsen da ke hannunsa, ya ci gaba da juya shi. Mutumin ya zauna a wurin har aka kira La'asar, yana jiran amsar da ba za ta zo ba. Haka ya tashi ya hau mota ya koma Bukkuyum. Yana nan da rai, kuma har yau da wannan kayan yake kwana yake tashi.

Ya 'yan uwa, kunya tana cikin imani, ba ni zan musa ba. Ku girmama surukanku, ku tuɓe musu takalmi. Amma kunyar da za ta sa ka ga yaro a kan guba ka yi shiru, wannan tsoron mutum ne aka sa masa rigar ladabi. Da magini ya ja surukinsa gefe tun ranar farko ya ce, Baba, wannan aikin ba zan iya ba, me zai faru? Tsoho ya yi fushi na wata guda. Da ya ce wa baƙo, bari in yi tunani, mu yi magana gobe, wa zai kama shi? Hanyoyin ladabi suna da yawa, bai bi ko ɗaya ba.

Addininmu ya hana mai sayarwa ɓoye aibin abin da yake sayarwa, ya kuma hana wanda ya san aibin yin shiru in an tambaye shi. Wanda aka nemi shawararsa, amana aka ba shi. Kuma ba magina kaɗai nake nufi ba, kada sauran ku saki jiki. Kai bakanike da ake kawo wa mota ka duba, kai dillalin gona, kai da ake tambaya halin wanda ya zo neman aure: wanda ya tambaye ka bai sani ba ne, shi ya sa ya tambaya. Ya ajiye idonsa ya ari naka. In ba za ka iya faɗar gaskiya ba, ka ce a nemi wani, wannan ma gaskiya ce.

Mu kuma da muke zaune a ƙasar nan ta zinare, in kun san gidan da aka taɓa niƙa dutse a ciki, kuka ga an sauke kaya da yara a ƙofarsa, ku yi sallama ku faɗa. Kada ku ce wani ya riga ya faɗa. Ni dai ƙarfina ya ƙare a kan sallar gawar da ake ɗaukowa a hannu ɗaya.

Allah ya jiƙan ƙananan da suka riga mu, ya ba iyayensu haƙuri. Allah ya sa mu ji kunyarSa fiye da yadda muke jin ta bayinSa. Allah ya kiyaye mu da ɗaukar haƙƙin wanda ba zai iya buɗe baki ya yafe mana ba. Amin.